Bindiga a Ɗakin Maigida: Mata, Farauta da Dokar da Kano Ba Ta Yi Ba

Da zarar an kai amfanin gona gida a ƙasar Rano, iskar hunturu ta busar da ciyawa, lokacin farauta ya yi. Daga Rurum da ke gindin duwatsu kusa da madatsar ruwa ta Tiga, zuwa ƙauyukan Kibiya da Bunkure, za ka ga samari da dattawa sun fito da karnuka da gora da barandami, wasu da kwari da baka, wasu kuma da bindigar toka a kafaɗa. Kudu da su ga dajin Falgore, wanda doka ta keɓe domin namun daji ta hana farauta a cikinsa. Naman ya yi ƙaranci ƙwarai a dazukan kusa, shi ya sa maharban wannan yanki da yawa suka koma cin rani a Kudu, inda kurmi ke da sauran nama kuma ake sayensa da daraja.

Ƙasar nan ba ta san da wannan cin rani ba sai ranar 27 ga Maris, 2025. A ranar ne 'yan sintiri a garin Uromi na Jihar Edo suka tare wata babbar mota da ta taso daga Jihar Ribas, ɗauke da mafarauta masu komawa gida yin ƙaramar Sallah. Aka ga bindigogin toka a cikin kayansu, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, taron jama'a suka kashe mutum 16, suka cinna wa gawarwakin wuta. Yawancin mamatan 'yan Toranke ne a Ƙaramar Hukumar Bunkure, sauran daga maƙwabtan ƙananan hukumomi, har da Kibiya da Rano. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano ta'aziyya, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya raka shi har ƙauyen, aka yi alƙawarin diyya da hukunta masu laifi.

An yi ta muhawara bayan haka a rediyo da Facebook: shin maharban suna da lasisi, shin katin ƙungiyar mafarauta ya isa hujja, shin ya dace a ratsa jihohi da makami a mota. Duk masu muhawarar maza ne, kuma a kan maza suke magana. Matan da suka shiga takaba a mako guda, da marayun da aka bar musu, sun fito a hotunan ta'aziyya ne kawai. Haka al'amarin bindiga yake a ƙasar Hausa tun fil azal. Namiji ke ƙera ta, shi ke saye, shi ke harbawa, shi ke rubuta dokarta. Mace kuwa ita ke kwana da ita a gida, ita ke gadon abin da ta jawo.

Matan da suka riƙe baka

Kada a ce mace ba ta iya harbi. Wannan magana tarihi ya riga ya kashe ta. A watan Afrilu na 1899, lokacin da rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ke ƙona garuruwa a kan hanyarta ta zuwa Tafkin Cadi, Sarauniya Mangu ta Lugu, a yankin Dogon Dutse na Nijar ta yau, ta tsaya da maharbanta ta yi yaƙi da su, a daidai lokacin da sarakuna maza da dama suka zaɓi sallamawa. A Dahome, ƙasar Benin ta yanzu, sarakuna sun riƙe rundunar mata zalla masu bindiga, waɗanda suka gwabza da Faransawa a 1890 da 1892, kuma ruwayar mutanen ƙasar ta ce asalinsu mata ne maharban giwa. Ba sai an tsaya ba da labarin Amina ta Zazzau ba, kowane ɗan firamare ya san shi.

A zamaninmu kuma akwai Aisha Bakari Gombi ta Jihar Adamawa. Ta tashi a kusa da dajin Sambisa, ta koyi farauta tun tana yarinya wajen manyan gidansu, tana harbin gada da zabin daji. Sana'arta ta yau da kullum ɗinki ce. Da Boko Haram suka kama Mubi da Hong da Gombi a ƙarshen 2014, maharba da 'yan sintiri na daga cikin waɗanda suka taimaka wa sojoji aka ƙwato garuruwan, ita kuma ta shiga sahunsu. Ta jagoranci tawagar maza cikin daji neman waɗanda aka sace, akasarinsu mata da yara, har ƙungiyar maharban jihar ta naɗa ta Sarauniyar Maharba. Jaridar Guardian ta Ingila ta ba da labarinta a 2017, tashar Aljazeera ta yi fim a kanta a 2018.

Abin lura a labarin Aisha shi ne yadda ta samu bindigar. Ba tsoro ne ya kai ta kasuwa ta sayo ta ajiye ƙarƙashin katifa ba. Gadon gida ce, ta yi shekaru tana koyo, ta san daji, ta san sawu, tana cikin ƙungiya mai shugabanni da ƙa'idoji, kuma tana fita ne da sanin sojoji. Masu ɗauko sunanta a duk lokacin da aka sace 'yan mata, suna cewa a raba wa mata bindiga kowace ta zama Aisha, sun tsallake wannan ɓangaren gaba ɗaya.

A ƙasar Rano farauta ba ta mata ba ce, kuma dalilin ba ƙarfin dantse ba ne. Farautar kwana tana ɗaukar makonni a daji. Sirrinta, wato layu da guraye da sanin itatuwan dafi da makarinsu, uba ke bai wa ɗa. Sarautunta, Sarkin Baka da Sarkin Dawa, na maza ne. Matar aure kuma tana cikin gida. Rabonta a sana'ar shi ne gyaran nama da ƙyafe shi da sayarwa, da jinyar wanda ya dawo da rauni, da zaman jiran wanda ya tafi. Wannan aiki ne babba, amma babu wanda ke yi masa kirari a kiɗan komo.

Bindigar da doka ta sani, da wadda ke daji

Yana da kyau mai karatu na birni ya san abin da ake kira bindigar toka, domin kalmar bindiga ta haɗa abubuwan da ba su da alaƙa. Maƙeri ne ke haɗa ta da bututun ƙarfe da ƙota ta itace. Ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a daka da sandar ƙarfe, a zuba gutsattsarin ƙarfe ko ƙananan duwatsun boris, a sake toshewa. Harbi ɗaya take yi, sai an sake wannan hidima kafin na biyu. Idan albarushin ya sha danshi ta ƙi tashi, idan aka cika shi bututun ya fashe a hannun mai ita. Shi ya sa maharbi na gaske ba da bindiga yake cin nasara ba, da dabara yake ci. Zai ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓe da baƙin zane, ya yi rarrafe yana gyaɗa kai kamar tsuntsun na kiwo, har sai ya matso kusa da naman da harbi ɗayan nan ba zai kuskure ba. Wannan ita ce bindigar da ke rataye a ɗakunan Rurum da Kibiya. Wadda ke hannun ɗan bindigar daji kuwa AK-47 ce, mai cin harsashi 30 a gida ɗaya.

Dokar da ke kula da su duka biyun ta girmi Nijeriya mai 'yanci. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi, irin su AK-47 da ƙananan bindigogin hannu, haramtattu ne sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Na farauta na zamani, irin mai baki biyu, Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu. Na toka kuma suna hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Kundin tsarin mulki ya sa makamai cikin jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka gwamna ba shi da ta cewa.

Dokar ba ta hana mace lasisi ba, ko kaɗan. Waɗanda ta hana su ne wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali ko barazanarsa cikin shekara biyar da suka wuce. A riƙe wannan sharaɗi na ƙarshe, za mu dawo kansa.

A aikace kuwa ƙofar a rufe take ga kowa. A 2019 aka ba da sanarwar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya soke lasisin bindigogin da ke hannun jama'a, Majalisar Wakilai ta nuna rashin amincewa. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ce rundunar ta dakatar da bayar da sabon lasisi. A gefe guda gwamnoni na ta faɗa wa talakawa su kare kansu. Aminu Bello Masari ya faɗa a Katsina a 2021. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce za ta raba fom 500 ga kowace daga masarautun jihar 19 domin masu son mallakar bindiga, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A 2024 Sanata Ned Nwoko ya kawo ƙudirin bai wa farar hula damar riƙe bindiga. Tsakanin wannan ja-in-ja, cibiyar Small Arms Survey ta Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya, kusan dukkansu babu rajista. Wato mai son bin doka ba shi da hanya, wanda bai damu da ita ba kuma ba ya buƙatar hanya.

Mata ma sun shiga wannan kasuwa, amma ta ƙofar baya. A 2021 'yan sanda a Zamfara sun gabatar da wata mata da suka kama da harsashin AK-47 guda 991 za ta kai wa 'yan bindiga, kuma an sha kama irinta tun daga lokacin. Ana amfani da su ne domin jami'in shingen bincike yana jin nauyin laluben hijabi. Ladan dako suke karɓa, su ne kuma ake kamawa.

Ina haɗarin yake?

Dalilin masu cewa a bai wa mata makami ba na wasa ba ne. Chibok a 2014, an sace 'yan mata 276. Dapchi a 2018, su 110. Jangebe a 2021, su 279. Bayan waɗannan da duniya ta ji, akwai matan ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da ake kwashewa daga gona da bakin rijiya da ɗakin aure, a dawo da wasu da ciki, wasu ba a ƙara jin ɗuriyarsu. Hare-haren sun taɓo Kano ta wajen Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da Katsina. Mutumin kudancin Kano kuma bai manta da shekarun da ɓarayin shanu da masu garkuwa suka mamaye Falgore ba, kafin sojoji su mayar da dajin wurin atisaye. Wanda aka sace wa 'ya ba za ka yi masa wa'azin haƙuri da doka ya saurare ka ba.

Sai dai a tambayi abin da bindigar toka guda za ta yi wa matar da mutum talatin a kan babura suka dira gidanta da tsakar dare. Sannan a tambayi wata tambayar da ba a so: a ranakun da babu hari, wato kusan kullum, bindigar tana hannun wa?

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko makamancinsa tun daga shekara 15, kuma kashi 36 na waɗanda suka taɓa aure sun fuskanci cin zarafi daga miji, na jiki ko na kwanciya ko na baki. Fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su nemi taimakon kowa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata da 'yan mata 51,100 ne suka mutu a hannun mazajensu ko samarinsu ko danginsu, 21,700 daga cikinsu a Afirka. A Kano ba a buƙatar alƙaluman waje. A watan Disamba na 2024, a wani taro a Jami'ar Bayero, Sarki Muhammadu Sanusi II ya ba da labarin binciken da ya yi a kotunan shari'a tara na Kano, ya ce kaso mai yawa na ƙararrakin sun shafi dukan mata, kuma ba ɗan mari ake magana ba, karyayyun haƙora da gaɓoɓi ne. Wanda mace ta fi fuskantar haɗari daga gare shi, a mafi yawan gidaje, yana da makullin ɗakinta.

Ƙasashen da bindiga ta yi yawa a gidajensu sun auna abin da ke biyo baya. A Amurka, binciken da Jacquelyn Campbell da abokan aikinta suka wallafa a 2003 ya gano cewa idan mijin da ke dukan matarsa yana da bindiga a kusa, yiwuwar ya kashe ta na ninkuwa kusan sau biyar. Tun 1996 dokar ƙasar ta haramta bindiga ga wanda aka kama da laifin dukan iyali, kuma a watan Yuni na 2024 Kotun Ƙoli, da ƙuri'a 8 da 1, ta tabbatar da dokar ƙwace makami daga wanda kotu ta umarta ya nisanci matarsa, a ƙasar da ta mayar da riƙe bindiga haƙƙin tsarin mulki. A Afirka ta Kudu, bayan tsaurara dokar bindiga a 2000, masu binciken lafiya na ƙasar sun ga kisan mata da bindiga ya ragu sosai tsakanin 1999 da 2009. Gidan Bahaushe ba gidan Ba'amurke ba ne, wuƙa da taɓarya sun fi harsashi kisa a nan. Amma hakan ya faru ne domin har yanzu bindigar ba ta cika gidajen ba. Duk wanda ya san zaman gidanmu ya san cewa ko da sunan uwargida aka rubuta lasisi, a ɗakin maigida bindigar za ta kwana.

Akwai misali a nan kusa na cewa ba rashin makami ne matsalar ba, a Kwanar Dangora da ke kan hanyar Zariya. A watan Yuni na 2020 'yan sandan Kano suka sanar da kama mutumin da ake zargi da yi wa mata 40 fyaɗe cikin shekara guda a garin, daga yarinya 'yar shekara 10 har tsohuwa 'yar 80. Haura katanga yake yi da dare. Abin da ya kawo ƙarshensa shi ne wata uwa da ta same shi a ɗakin 'ya'yanta, maƙwabta suka bi shi suka kama. Shekara guda yana abin da yake yi a garin da ba a rasa 'yan sintiri da makamai ba. Abin da ya ba shi wannan shekara shi ne shiru, da tsoron kada a ce 'yar gidan wane ce.

Ƙofar da za ta ƙwanƙwasa

A ɗauki matar aure a Rurum wadda mijinta ke dukanta, kuma yana da bindiga a rataye, ya taɓa nuna ta da ita cikin fushi. Za ta fara da iyayenta, a ce ta yi haƙuri. Ta je wajen mai unguwa ko dagaci ko Hisba, a yi sulhu, ta koma ɗaki. Idan ta kai ga alƙali, mafi yawa abin da za ta samu shi ne rabuwar aure. Idan ta je ofishin 'yan sanda na Rano, ta je wurin da a watan Mayu na 2025 fusatattun matasa suka cinna wa wuta bayan mutuwar wani matashi da aka kama, har baturen 'yan sandan yankin, CSP Baba Ali, ya rasa ransa. Amana tsakanin jama'a da wannan ofishi sai an sake gina ta. Idan fyaɗe ne, cibiyar Waraka da ke kula da irin waɗannan mata tana Asibitin Murtala a cikin birni, tafiyar sama da awa guda a mota, da kuɗin motar da ba ita ke riƙe da shi ba.

A duk waɗannan ƙofofi babu inda aka tanadi cewa a fara ɗauke bindigar. Dokar 1959 ta ce sai wanda kotu ta kama da laifi, alhali dukan mata ba ya kaiwa ga hukunci, a zaure yake ƙarewa. Tsohuwar dokar Penal Code ta Arewa ma, a sashe na 55, ta ƙyale miji ya yi wa matarsa abin da ta kira gyara muddin bai kai ga mummunan rauni ba.

Maganin wannan giɓi yana nan a rubuce. Dokar hana cin zarafin jama'a, wadda aka fi sani da VAPP, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a watan Mayu na 2015. Ta bai wa mace damar neman umarnin kariya daga kotu ba tare da jiran a gama shari'ar laifi ba, kuma cikin abin da alƙali zai iya haɗawa da umarnin har da ƙwace duk wani makami da ke hannun wanda ake ƙara. Dokar a Abuja kaɗai take aiki, sai kowace jiha ta yi tata. Katsina da Zamfara da Jigawa da Sakkwato da Borno duk sun yi, kowace ta daidaita ta da addini da al'adarta. Har zuwa ƙarshen 2024 Kano ce kaɗai cikin jihohi 36 ba ta yi ba. An ce za a shigar da tanade-tanadenta cikin gyaran Penal Code na jiha, an yi taruka da malamai da lauyoyi da ƙungiyoyin mata, majalisu suka zo suka wuce. Masu adawa na cewa akwai sassan da suka ci karo da Shari'a. To a gyara sassan. Babu malamin da zai ce Shari'a ta yarda a bar makami a hannun wanda ya yi wa matarsa barazanar kisa.

Maharban Rurum da Kibiya da Bunkure su ma suna da riba a gyaran. Da akwai rajista ta gaskiya, mai sauƙi, a matakin ƙaramar hukuma, wadda Sarkin Baka da dagaci za su sa hannu, 'yan sanda su buga hatimi, kowace bindiga da lambarta, da maharbi ya samu takardar da za a girmama a Edo kamar yadda za a girmama ta a Kano. Kuma rajistar da ke ba da bindiga ita ce za ta iya karɓe ta ranar da ƙorafi ya fito daga cikin gida. Macen da ta gaji farauta, ko take son shiga rundunonin tsaron al'umma irin waɗanda Katsina da Zamfara suka kafa a 2023 da 2024, a ba ta horo da lasisi da albashi daidai da na namiji. Ana ma buƙatarta, domin matar da aka ceto daga daji ba za ta faɗa wa namiji abin da aka yi mata ba.

Gyaran dokar makamai aikin Majalisar Tarayya ne, kuma ɗan majalisar da ke wakiltar Rano da Bunkure da Kibiya, Kabiru Alhassan Rurum, ɗan garin Rurum ne, tsohon Kakakin Majalisar Dokokin Kano, ya san zaurukan biyu. Dokar kariyar mata kuwa ba ta buƙatar izinin Abuja. Tana hannun 'yan majalisar jiha 40 da Gwamna Abba Kabir Yusuf, su fito da ita su sa mata hannu.